Sayen ruwa na cinye mini albashi a Damagaram, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 5 ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki daga Yamai zuwa Damagaram, ni da maiɗakina da yara 4. Na zo da murna, don hayar gida a nan ba ta kai ta Yamai ba, tiyar hatsi ma a Kasuwar Dole ta fi sauƙi. Amma har yau albashi ba ya kai ni 20 ga wata.

Na zauna na yi lissafi, sai na ga ruwa ne. Unguwarmu famfo sai ya kwana biyu bai zo ba, in ya zo ma tsakar dare ne. Kullum sai mun kira mai garuwa, ga wanki, ga girki, ga wankan yara kafin makaranta. Abin da na rage a haya duk can yake tafiya, kuma zafi bai ma shigo ba.

Yanzu ina da 'yar ajiya jika 60. In sayi babban tanki, ko in sayi buhun hatsi tun da kaka ce, ko in nemi gida a unguwar Birni ko ta Zango? Don Allah wanda ya daɗe a garin nan ya ba ni shawara.