Azumin kwana arba'in na farko a gidan miji, ga gyambon ciki ga tuyar ƙosai: ku ba ni shawara

Amaryar Bara: Salama gare ku 'yan'uwa. Ni a ECWA na tashi, maigidana kuwa ɗan Katolika ne, bara muka yi aure, muna Sabon Garin Zariya. Larabar Toka, ranar da ake fara azumin kwana arba'in, bana (2026) 18 ga Fabrairu ce, Ista kuma 5 ga Afrilu. Surukata ta riga ta faɗa mini cewa a gidansu ba a kai komai baki sai shida na yamma. Ni kuwa ina da gyambon ciki, likita ya hana ni zama da yunwa. Na biyu, ƙosai nake toyawa, ƙarfe huɗu na asuba ina bakin injin markaɗe. Addu'ar dare na gwada, sau uku ina farkawa a durƙushe, goshina a kan katifa, Littafi Mai Tsarki ya faɗi ƙasa. Wane lokaci zan tsayar wa addu'a da zai ɗore? Azumin kuma in bi Mama ko in bi likita?

Ɗan Mawaƙa: Ki riƙa tashi ƙarfe huɗu, 'yar'uwa. Markus 1:35, Yesu da kansa tun da sauran duhu ya fita ya je inda ba kowa ya yi addu'a. Ba lokacin da ya kai asuba.

Amaryar Bara: Ai na ce ƙarfe huɗun ina layin markaɗe da bokitin wake a ka.

Ɗan Mawaƙa: To ƙarfe uku.

Kwankwaso Ya Gaji: Ka ce kawai ta daina barci sai bayan Ista.

Katikis Mai Ritaya: 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Abin da surukarki ke yi himmarta ce, Allah ya ƙara mata ƙarfi, amma ba shi ne dokar ikilisiya ba. Azumin da ya zama dole kwana biyu ne kacal, Larabar Toka da Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji. Ko a ranakun nan an yarda a ci cikakken abinci sau ɗaya, a ɗan taɓa kaɗan sau biyu. Daga shekara 18 zuwa 59 ya shafa, marar lafiya kuma an ɗauke masa. Sauran Jumma'o'in nama ake bari, a je Hanyar Gicciye, tasha 14. Kuma in kin ƙirga daga Laraba zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne, ana cire Lahadi shida shi ya sa ya zama 40. Ki je ke da mijinki ku ga Fada, shi zai fi iya yi wa Mama magana.

Tsohon Direba: Ni da na ji an haɗa azumi da gyambon ciki sai gabana ya faɗi. Shekara bakwai muna neman haihuwa. Wata ƙawar matata ta kai ta wani gidan addu'a a bayan gari, mai gidan addu'ar ya ce kwana uku ba ci ba sha, ko yawu ta tofar. Ina hanyar Legas da kaya, ba ta gaya mini ba. Daren na biyu maƙwabciya ta ji faɗuwarta a makewayi, ta same ta tana aman jini. Da na iso tana kwance an rataya mata ledar jini ta biyu, leɓenta duk ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. Babur ɗin da nake bayarwa haya shi na sayar na biya asibiti. Mutumin nan ko leƙowa bai yi ba. Da na same shi, ya dube ni ya ce da ta cika kwana ukun da yanzu tana da ciki, ƙarancin bangaskiya ne ya kayar da ita. Dattawa biyu ne suka riƙe ni ranar.

Maman Talatu: Wayyo Baba, Allah ya sāka muku. Yanzu jikin nata fa?

Tsohon Direba: Da sauƙi, amma har yau ko yaji ba ta ci. Kuma tun daga lokacin in na durƙusa fuskarsa nake gani. Shekara guda ban taka ƙofar majami'a ba. Zabura ce ta dawo da ni, ina karanta ɗaya a wayata kafin in tayar da mota. Ta 13 na fi maimaitawa, wadda take tambaya har yaushe.

Ɗan Mawaƙa: Baba ka yi haƙuri, amma kada laifin mutum ɗaya ya sa a tsorata mutane da azumi. Ni na yi kwana bakwai lafiya lau.

Maman Talatu: Kai da uwarka ke dafa maka, ka sha ruwa ka koma ka kwanta? Wannan mace ce mai tsayuwa a gaban kaskon mai awa huɗu, hayaƙi na shiga idonta. Ka yi aure tukuna ka zo mu yi magana.

Ɗan Mawaƙa: Mama, Bulus ma bai da mata, kuma wasiƙunsa kike karantawa.

Ɗan Wusasa: Ku bar wannan. Amarya, ki sayi Littafi Mai Tsarki ƙarami na jaka da littafin karatun kullum. Dubu huɗu na sayi nawa. Karin Magana sura 31 ce, kowace rana ki bi kwanan wata, ba sai kin tuna inda kika tsaya ba.

Maman Talatu: Dubu huɗu a wace shekara? Watan jiya dubu tara aka ce mini, mai bakin zinariya kuwa sha biyu.

Ɗan Wusasa: A shagon coci na saya, ke kin je kasuwa.

Kwankwaso Ya Gaji: A waya kyauta ne, har da mai karanta maka. Matsalarsa kana tsakiyar Ishaya saƙo ya shigo, kafin ka farga kana kallon ƙwallo.

Malamar Lahadi: Katikis, da girmamawa, ita fa a ECWA ta tashi. Mu ba a shafa mana toka, Matiyu 6 ya ce ka wanke fuska kada a san kana azumi. Aure bai ce ta bar abin da ta sani ba.

Katikis Mai Ritaya: Malama, Matiyu 6 ɗin nan shi muke karantawa a ranar tokar. Tambayarta kan gidan mijinta ce, na amsa mata da abin da gidan ke bi.

Mai Koko Ta Tudun Wada: Duk kun bar abin da ke gabanta. Ƙanwata, bana azuminmu da na maƙwabtanmu Musulmi kusan tare za su kama. Ke kin san cinikin ƙosai yamma yake komawa, lokacin shan ruwa. Wata guda asubarki taki ce. Ni haka nake yi. Sauran watanni kuwa a layin markaɗen nake addu'ata, ina kiran sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, ƙarar injin ta rufe, ba mai jin abin da nake faɗa. Da na sauke kaskon ƙarshe in zauna a kan kujerar 'yar tsugunne in karanta aya biyar kafin in ƙirga ciniki. In na fara ƙirga kuɗi, an gama.

Amaryar Bara: Yaya, wannan ta shige ni. Saura Mama, da wane baki zan ce mata zan sha koko da safe?

Maman Talatu: Mama mai sauƙi ce, ki jira ankon Ista. Zumuntar matanmu sun fitar da atamfa dubu goma sha takwas, ban da ɗinki, ban da kuɗin abincin Galili, fitar shaƙatawar da ake yi ranar Litinin bayan Ista. Ana ce mana lokacin tuba ne da taimakon matalauta, gwauruwa kuma tana ɓuya a bencin baya don ba ta da zanen.

Malamar Lahadi: Namu sha uku ne, kuma ba dole.

Maman Talatu: Ba dole a baki. Wadda ba ta saka ba, kin taɓa ganin an ba ta tulu ta buga a gaba?

Tsohon Direba: Mutumin nan ma sai da ya karɓi kuɗin man shafawa kafin ya sa ta azumin.

Ɗan Wusasa: Sha takwas ɗin turmi guda ne ko rabi? Matata na tambaya.