Wace makaranta ce za ta riƙe Haidar?

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son yin maganar nan ina jin nauyi, amma yau tura ta kai bango. Ɗana shekararsa 4 da wata 7, har yanzu maganarsa ba ta wuce "ruwa" da "Mama" ba. In yana son abu sai dai ya ja hannuna ya ɗora a kai. Ki kira sunansa sau goma ba zai waiwayo ba, amma ko yana uwar ɗaka ya ji an buɗe ledar biskit a kicin sai ya fito. Likita ya ce otizim ne, abin da ake kira galahanga. Makarantu biyu na sa shi. Ta farko sati uku suka kira ni, wai yana zagaye aji yana hana yara karatu. Ta biyu ba su ce komai ba, sai ranar da na je ɗaukarsa da wuri na tarar da shi a bayan ƙofar aji, a tsugune, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, sauran yara na ta rera karatu. Tun daga nan nake kuka a cikin keke napep har Tudun Wada. Don Allah wa ya san makarantar da za ta riƙe irin yaron nan a Zariya?

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Haidar, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Wallahi sai da na ji hawaye.

Hajiya Babba: Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Kin kai shi an yi masa ruƙiyya kuwa? Irin wannan sau da yawa iska ce ke shafar yaro tun yana goye.

Sista: Hajiya, addu'a kam ba a barinta, a tofa masa safe da yamma. Sai dai in roƙi arziki, kada a kai shi inda za a kulle shi a ɗaki da hayaƙi, ko a dake shi wai ana dukan aljani. Yaron da ƙarar karatun aji ke sa shi toshe kunne, ki duba yadda zai ji in mutum uku suka danne shi suna masa tsawa. Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farko. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 ke da shi, kuma an fi ganinsa a maza. Wani abin kuma, kalmar galahanga mutanenmu na jibga wa kowane yaro mai jinkiri, da mai shanyewar gaɓoɓi, da wanda aka haifa da wata larura daban. Don haka Maman Haidar, in kin je makaranta kada ki tsaya a sunan, ki faɗa musu abin da yake iyawa da abin da ke tayar masa da hankali.

Kafin maganar makaranta ma, an gwada jinsa? Na ga kin ce yana jin ledar biskit, duk da haka a yi gwajin a rubuce. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Sannan ki koma asibitin koyarwa na Shika, sashen yara, ki nemi su rubuta miki rahoton da za ki nuna wa makaranta. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa shi ma yana ganin yara, kada sunan wurin ya tsorata ki. In kin taɓa ganin ya ƙame ko idonsa ya kafe na ɗan lokaci, ki gaya wa likita, domin wasunsu na haɗawa da farfaɗiya, ita kuwa tana da magani.

Hajiya Babba: To Sista, na ji. Ni ma ba duka nake nufi ba. Allah ya sa a dace.

Maman Haidar: Ba a yi gwajin kunnen ba gaskiya. Zan gaya wa babansa da daren nan. Na gode Anti.

Maman Ihsan: Ba akwai makarantar gwamnati ta masu buƙata ta musamman a Kaduna ba? Me zai hana a kai shi can?

Malama: Akwai ta, amma an fi saninta da kurame da makafi. Kuma ku duba, yaro ɗan shekara 4 da ba ya iya cewa cikinsa na ciwo, a raba shi da uwarsa a kai shi wani gari? Ni dai ba zan ba da wannan shawarar ba. Jeka-ka-dawo kuma daga Zariya zuwa Kaduna kullum, kusan kilomita 80, ba abin da jiki ko aljihu zai ɗauka ba ne.

Ni malamar firamare ce, bari in faɗi abin da na sani. Akwai dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba su 'yancin karatu kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara, a samu wanda aka horar don kula da su. Ke nan ba wanda ke da hurumin ya kore shi don larurarsa. Amma tsakanina da Allah, ajina yara sun haura 80, wasu a ƙasa suke zaune. In aka kawo mini Haidar zan karɓe shi, sai dai ban san ta inda zan ba shi hakkinsa ba, kuma ranar da ya fice ta ƙofa zai iya kaiwa bakin titi kafin in lura. Wannan shi ke hana ni barci in na tuna irin yaran nan.

Baban Ummi: Salamu alaikum. Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan hanyar na bi ta, 'yata yanzu shekararta 9. Maman Haidar, shekara biyu na ɓata ina neman makarantar da aka rubuta "ta musamman" a allon ƙofarta. Na biya kuɗi mai yawa a wani wuri, ashe talabijin kawai ake kunna musu har a tashi. Inda Ummi ta samu kanta wata 'yar ƙaramar makaranta ce a bayan layinmu a Samaru, ajinsu yara 14, ko fenti mai kyau babu. Abin da ya bambanta ta malama ɗaya ce. Ranar farko Ummi ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa. Matar nan ba ta ja ta ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko murafen kwalba masu launi ta zauna a ƙasa kusa da teburin tana jera su ita kaɗai. Can sai ga hannu ya fito ya gyara mata jan da ta sa a layin shuɗi. A wurin na ce na samu makaranta.

Don haka ki nemi malama tukuna, sannan gini. In za ki duba makaranta kada ki tsaya a ofishin hedimasta, shi kam zai ce miki sun saba da irinsu. Ki ce za ki zauna a aji rabin awa, ki kuma tsaya har lokacin tara ki ga wa ke kallon yaran da ƙofar waje. In kin ga dorina a kan tebur, ki yi musu sallama. Ki tambayi malamar ajin da kanta: in ya kwanta a ƙasa yana ihu, me za ki yi? In ya yi fitsari a wando fa? Amsarta da yanayin fuskarta sun ishe ki.

Mu ba mu fara da yini guda ba. Awa ɗaya ta yi na sati biyu, kuma bayan an gama taron safe muke kai ta, saboda ganga da hayaniya. Daga nan awa biyu, har ta kai ga tashi tare da kowa. Muka ɗauki wata yarinya mai NCE tana zama kusa da ita a aji, mu muke biyanta daban. Na sayi littafin rubutu mai shafi 40 yana yawo a jakarta: malama ta rubuta abin da ya faru, uwarta ta rubuta ko ta yi barci da abin da ta ci. Ta littafin nan muka gano duk ranar da aka sauya mata wurin zama ranar ce take rikicewa.

Maman Haidar: Allah ya saka da alheri Baban Ummi. Yanzu tana magana? Shi ne abin da ya fi damuna.

Baban Ummi: Tana yi, gajeru-gajeru, kuma sai da ta kusa shekara 6 ta fara haɗa kalma biyu. Amma kowane yaro da tafiyarsa, ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da ya rage mana kuka a gida hotuna ne. Na ɗauki hoton kofinta, da buta, da banɗaki, da farantin shinkafa, na je wajen masu hoto a PZ aka wanke aka lulluɓe su da leda mai ƙarfi. In tana son abu ta miƙo hoton, mu kuma mu faɗi sunan abin mu ba ta. Kakarta ta ce hakan zai sa ta ƙi magana gaba ɗaya. Bai hana ba, kalmominta na farko ma sunayen hotunan ne.

Malama: Wannan ta malamar rakiya ita ce mafita ga mai hali. In ana neman wadda ta karanci fannin, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos duk suna da sashen ilimi na musamman, akwai kuma kwalejin tarayya ta Oyo da aka kafa don wannan fannin kaɗai. A cigita, ana samun waɗanda suka gama suna zaune a gida. Ki kuma zauna da malamar ku rubuta abu uku kacal da kuke so ya iya a zangon: ya zauna minti biyar, ya nuna yana son banɗaki, ya amsa sunansa. Kada a auna shi da jarrabawar ajin.

Maman Ihsan: Islamiyya fa? Kada a bar shi a baya ta nan.

Baban Ummi: Ta yamma mai yara da yawa ba ta yi mana ba, ƙarar haddar ta yi mata yawa. Wata malamar Islamiyya ce ke zuwa gida bayan la'asar, minti 15. Da yawan irin yaran nan suna da kamun kunne, Ummi ta riƙe Fatiha da ƙulhuwallahu tun kafin ta iya cewa tana jin yunwa.

Hajiya Babba: Masha Allah. 'Yata, in kuɗin mai rakiyar ya yi muku nauyi, jikata ta gama sakandare tana zaune, kuma tana da haƙuri da yara. In Malama za ta nuna mata yadda ake yi, sai ta riƙa raka shi.

Malama: Zan nuna mata abin da na iya, Hajiya. Asabar da safe ina gida.

Maman Haidar: Wallahi na rasa bakin godiya. Babansa ya ce Litinin za mu fara da Shika. Baban Ummi, don Allah ko Maman Ummi za ta yarda in zo in ga hotunan nan da littafin da idona?

Baban Ummi: Ta ce ki zo ranar Lahadi bayan azahar, ki taho da Haidar. In kin wuce Kwangila ki kira lambar da zan tura miki ta gefe. Ki riƙo masa abin da ya saba wasa da shi, mu kuma za mu kashe talabijin kafin ku iso.