Dan Allah yaya ake yin tambaya da Faransanci ne?

Ɗan Kasuwar Barci:
Salam jama'a. Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan raka maigidana Kwatano sarin kaya, shi ko bonjur ba ya ji, ni kuma ɗan abin da aka koya mana a ƙaramar sakandare duk ya gudu. Yanzu da daddare in an tashi kasuwa nake ɗan bi a waya, to amma maganar tambaya ta rikita ni wallahi, abu ɗaya sai in gan shi kala uku, nan "tu viens ?" can "est-ce que tu viens ?" wani wurin kuma "viens-tu ?" Wanne ne daidai? Kar in je in kunyata a gaban Alhaji, na riga na cika masa baki.

Malama daga Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duka ukun daidai ne, wurin amfaninsu ne ya bambanta. Na farkon ai kana yin sa kullum da Hausa ba ka lura ba, "ka ci abinci" da "ka ci abinci?" kalmomin ɗaya ne, murya kawai ka ɗaga. Shi ne na hira da kasuwa. Na biyun ana faɗinsa eske, ka ɗauke shi kamar "shin" ɗinmu, ka ajiye shi a gaba sauran magana ta biyo yadda take ba ka taɓa komai ba. Larabawa suna da "hal" mai wannan aikin, in ka yi Islamiyya ka san shi, Yarbawa su ce "ṣé", 'yan Sin kuma nasu "ma" a ƙarshe suke liƙa shi kamar yadda muke cewa "ka zo ko?"

Na ukun da ake juya aikatau ya riga wakilin suna, na littafi ne da ofis da masu karanta labarai, har da wani t da ake cusawa a tsakiya don daɗin faɗa kamar "parle-t-il". Ɗalibaina a nan suke zubar da maki duk shekara. Kai da za ka sari, ka bar shi tukuna.

Tsohon direba, Kawo:
Malama ta gama magana amma bari in ƙara na hanya. Ka haddace se kombiyan (nawa ne), u (ina), kan (yaushe), purkwa (me ya sa), sun ishe ka. Sannan babba ko mai kaki kar ka kuskura ka ce masa "tu", "vous" ake cewa, vu. Ni na taɓa ce wa wani jandarma tu a shinge, ban san na yi laifi ba, mutumin nan ya riƙe takarduna ya bar ni a rana fasinja suna ta tsaki, sai da wata hajiya ta sauko ta ba shi haƙuri da yarensu. Kuma in ka shiga Zongo a Kwatano Hausa za ka ji ta ko'ina, kar ka wahalar da kanka.

Mai canji, Tudun Wada:
Hhh ku kuna ta koya masa tambaya, amsar fa? Ka ce se kombiyan da kyau, mai kaya ya ɗauka ka iya ya sako maka katr-van-dis-set, wato huɗu sau ashirin da goma sha bakwai, 97 ke nan, kafin ka gama lissafi ya wuce wani zancen. Su kuma 'yan Nijar ko da Hausa ne lissafinsu daban, dala sefa 5 ce, in ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, jaka kuma 1000. Ka miƙa masa waya ya danna kuɗin ka gani da idonka kawai.

Ɗan Kasuwar Barci:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama to in ya zuba da sauri ban gane ba, yaya zan ce ya maimaita a hankali?

Malama daga Unguwar Rimi:
"Répétez doucement, s'il vous plaît", repete dusman sil vu ple. Ka rubuta a bayan hannunka.