Dan Allah wace bindiga ce a hannun Clint Eastwood a fim ɗin nan? Aikina ya tsaya

Mai Fenti:
Assalamu alaikum yan uwa, wlh ina cikin damuwa shi yasa na kawo nan. Ni sana'ata zane a jikin manyan motoci, shekara 11 kenan, a wajen kawuna na koya tun ina ɗauko mishi gwangwanin fenti, zaki da dawisu da masallaci da rubutun bayan mota duk ina yi kuma ba wanda ya taɓa dawo min da aiki. Sati uku da suka wuce wani Alhaji, abokin marigayi babanmu ne tare suka yi direbanci hanyar Kano zuwa Legas, ya kawo sabon bodi yace kaboyi yake so a ƙofar baya, na fim ɗin The Good, the Bad and the Ugly, wai a silima ya kalle shi yana saurayi har yau yana nan a wayarsa. Muka yi ciniki dubu 120 ya bada 50 kafin alƙalami. Na samo hoto a intanet, kwana shida ina kai, hula da bargon da yake yafawa da sigari a baki duk sun fito. Da yazo ya daɗe yana kallo sai yace "yaro wannan ba bindigarsa bace", bai yi faɗa ba ya juya ya tafi, yau kwana huɗu baya ɗaga wayata. Ga haya ga mai shagon fenti yana bina. Wace bindiga ce ta gaskiyar? kuma in gyara ne ko in tsaya a kan cikon kuɗina?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. To ai baka sa hoton zanen ba malam, kuma baka faɗi wane wuri a fim ɗin yake so ba. Ta ina za mu fara?

Baban Walid:
Ba sai ya sa hoto ba, na san abinda ya faru. Ƙanena je ka duba zanenka, hancin bindigar zagaye yake sumul, da wani siririn bututu a gefensa, sannan akwai ƙarfe da ya rufe saman gidan harsashi mai juyawan nan ko? In haka ne Colt ta 1873 ka zana wadda ake ce wa Peacemaker, ita Clint Eastwood ya riƙe a finafinan A Fistful of Dollars na 1964 da For a Few Dollars More na 1965. Wanda Alhaji yake nufi na 1966 ne, kuma labarin a lokacin yaƙin basasar Amurka yake, wajen 1862, lokacin ba a ma ƙera Peacemaker ba. Shi yasa daraktan fim ɗin Sergio Leone ya bashi Colt Navy ta 1851. Hancinta kusurwa takwas ne ba zagaye ba, samanta a buɗe yake ba murfi, kuma ƙarƙashin hancin akwai sandar da ake danna dalma da ita. Alhaji yayi gaskiya ɗari bisa ɗari. Ka goge ka sake, kar ka karɓi ko kwabo ƙari.

Mai Fenti:
Yaya duk yadda ka kwatanta haka take. Amma fa ni ban yi da ka ba, hoton da na kwafa da macijin azurfa a mariƙin bindigar kuma da bargon a kafaɗarsa, ƙarƙashin hoton ma sunan fim ɗin aka rubuta. Laifina a ina yake?

Baban Walid:
Macijin yana nan a duka finafinan uku, ba hujja bace. Bargon kuwa a na 1966 sai dab da ƙarshe yake ɗaukarsa, wajen sojan nan matashi da yake gargarar mutuwa ya bashi sigari, kafin a shiga maƙabarta. Na kalli fim ɗin nan yafi a ƙirga. Tuco, wato the Ugly a fim ɗin, shima tasa Navy ce, wadda ya harhaɗa a shagon tsohon nan ya rataye ta da igiya a wuya, Lee Van Cleef da ya fito a mugu shi ne mai Remington ta 1858, ita ce mai murfi a sama a cikinsu.

Maman Hanifa:
Allah sarki. Ni ɗinki nake yi kuma irin wannan ce take kashe mu, mace ta turo miki hoto ki ɗinka daidai, ranar karɓa tace ba haka take nufi ba. Wata tun ƙaramar sallah kayanta suna wajena, kuɗin zare ma ban fitar ba, kuma makwabciya ce kullum muna gaisawa. Kai dai kar ka bari motar ta fita bai cika maka ba.

Ɗan Fagge:
Baban Walid ka cika zafi. Shi kansa fim ɗin ai bai bi tarihin ba. Navy ta asali irin ta mafarautanmu ce, a ɗura albarushi a danna dalma, amma a ɗakin otal ɗin nan da yake goge bindiga yaran Tuco suna tahowa harsashi mai kwanso yake zurawa, alhali Colt basu fara juya bindigoginsu zuwa haka ba sai bayan 1869 da haƙƙin mallakar da ke hannun kamfanin Smith & Wesson ya ƙare. In mai fim ya tsallake shekaru don me za a matse mai fenti? Ya nemi cikonsa.

Baban Walid:
Alhaji tarihi yace a zana mishi ko fim? Abinda idonsa ya gani a majigi yake so. Magana ta ƙare.

Mai Fenti:
Ku gane, gogewar ba ƙaramin aiki bane. Hannun a tsakiyar hoton yake, na riga na fesa mai ƙyalli a kai, in na kankare wurin sai ya bar tabo kuma launin bargon haɗawa nayi da hannu bazai dawo daidai ba. Sannan me yasa bai faɗa min tun farko ba, ai wayarsa na hannunsa

Abu Sadik:
Abokin mahaifinka ne fa, uba ne. Ɗauki ƙafa ka je gida ka durƙusa ka gaishe shi, ku kalli wurin tare a wayarsa. Mu da muka rasa iyaye mun san darajar irinsu, ni abokan babana ko ɗaya bai sake leƙo mu ba tun sadakar bakwai.

Maman Hanifa:
Zumunci daban sana'a daban Abu Sadik. Haya bata san abokin baba ba.

Mai Fenti:
Yanzun nan yaron motarsa yazo wai ranar Asabar za suyi lodi. Bai kawo kuɗi ba, bai ce a gyara ba. Ina tunanin in ƙara layuka a hancin kawai ya zama mai kusurwa in bar murfin saman, daga nesa waye zai lura?

Baban Walid:
Hanci mai kusurwa da murfi a sama? To ka maida ita Remington kenan, ka ba jarumi bindigar mugu. Mutumin da ya gane Peacemaker daga kallo ɗaya shi ne bazai lura ba?

Ɗan Fagge:
Har yanzu dai bamu ga hoton zanen ba.