Babban Ɗaki Ko Amenity: Wanne Kuka Zaɓa Da Aka Ba Ku Gado?

Mai tambaya, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum. An sa wa mahaifinmu ranar tiyatar ƙaba a wani asibitin gwamnati a nan Kaduna, kuma an ce mu zaɓa tsakanin babban ɗakin maza da ɓangaren amenity, wato keɓaɓɓun ɗakunan da ake biyan ƙarin kuɗi. Yayyena sun rabu gida biyu: wasu na ganin abin kunya ne a kwantar da Baba cikin jama'a alhali muna da hali, wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce. Don Allah waɗanda suka taɓa jinya su ba mu shawara.

Tsohuwar nas, Kawo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ba Baba lafiya. Na yi aiki a ɓangarorin biyu kafin na yi ritaya, kuma abin da kuɗin amenity ke saya shi ne ɗaki, banɗaki da natsuwa. Likitan da zai yi aikin galibi shi ne dai, domin asibitin ɗaya ne. Abin da mutane ba sa lura da shi kuwa, a babban ɗaki idon nas yana kan gadaje, kuma idan numfashin majinyaci ya canza da tsakar dare, mai jinyar gadon kusa ma zai ɗaga murya. A amenity ƙofa a rufe take, saboda haka dole ku sa mai jinyar da barci ba ya sace shi, wanda zai duba ko ruwan da aka ɗaura ya ƙare ya je ya kira. Idan asibitin koyarwa ne irin Barau Dikko ko Shika, ku sanar da Baba tun da wuri cewa babban likita yakan zo zagaye da ɗalibai, kuma yana da haƙƙin a ja masa labule kafin a buɗe jikinsa. Dattijai da yawa wannan ne ke damunsu, ba gadon ba.

Ma'aikacin gwamnati, Barnawa:
Malam, ka fara bincika ko Baba yana cikin inshora. Ni ina ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta maye gurbin NHIS a 2022, kuma gadon babban ɗaki take biya. Da na nemi amenity, daga aljihuna na cika. Idan katin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, yake da shi, ku je teburin inshora ku tambaya kafin ku sa hannu. A inda na kwanta, ba kuɗin gado kaɗai ya tashi ba, har da na aikin da na gwaje-gwaje, ga kuɗin ajiya da aka karɓa kafin a ba ni makulli. Ku nemi a rubuta muku lissafin gaba ɗaya.

'Yar'uwa daga Rigasa:
Mu da amenity muka fara lokacin da ɓarin jikin Innarmu ya shanye, amma jinyar ta yi tsawo, kuɗi suka ƙare, muka koma babban ɗakin mata. Ba zan ɓoye ba, banɗakin ya wahalar da mu, ga sauro, ga kwana a tabarma a baranda da bokiti da fulas a gefen kai. Sai dai matan da muke jinya tare su suka koya mini yadda ake juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, kuma idan na fita sayen magani akwai mai kama mini. Kuɗin da muka zuba a ɗaki da farko, da mun adana su don gashin ƙashi da ya fi mata amfani. Ka tambayi likita kwana nawa yake sa ran Baba zai yi.

Magidanci, Tudun Wada:
Da aka yi wa maiɗakina aiki aka ciro jariri, amenity na kama mata kuma ban yi nadama ba, domin ta samu barci, 'yan dubiya ma ba su takura wa kowa ba. Tiyatar ƙaba ba ta cika riƙe mutum a asibiti ba idan Allah Ya sa an yi lafiya, don haka lissafin ba zai yi muku nauyi ba. Ɗakunan ba su da yawa, ku kama tun kafin ranar. Amma Yaya, kun ji ta bakin Baba kuwa?

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Yau bayan Magariba za mu zauna da shi, gobe kuma in je in karɓo lissafin a rubuce.