Waƙar "Tanti auguri" ta Raffaella Carrà: za a iya buɗe shiri da ita?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Jama'a, waƙar nan ta Italiya "Tanti auguri", daga wane shiri ta fito? Kuma in mutum ya yanki daƙiƙa 30 ya buɗe shirinsa na YouTube da ita, akwai matsala?

MaiFaifai:
Wa alaikumus salam. Taken shirin "Ma che sera" ce, wanda gidan talabijin na gwamnatin Italiya, RAI, ya riƙa nunawa daren Asabar a 1978. Gianni Boncompagni da Daniele Pace suka rubuta baitocin, kiɗan kuma na Paolo Ormi ne. An ɗauki hoton buɗewar a Italia in Miniatura, wani wurin shaƙatawa a Rimini da aka ƙera shahararrun gine-ginen ƙasar ƙanana-ƙanana, mawaƙiyar, Carrà, tana rawa a tsakaninsu.

Abin da ya zaunar da waƙar a kunnen mutane shi ne maimaici. Tashoshi biyu kacal RAI take da su a lokacin, duk Asabar kuma sai waƙar ta shiga gidaje, ga faifanta a kanti. Ana cikin nuna shirin aka sace Aldo Moro, tsohon Firaministan Italiya, ran 16 ga Maris, ƙasa ta shiga zullumi, amma shirin bai tsaya ba. Carrà ta kuma rera ta da Sifaniyanci, "Hay que venir al sur", ta bazu a Sifen da Latin Amurka.

Injiniyan Sauti:
Ɗan'uwa, zancen daƙiƙa 30 ba shi da tushe a doka. Haƙƙi biyu ne a kan waƙar: na baiti da kiɗa, da na muryar da aka naɗa. Na farkon sai shekara 70 bayan mutuwar na ƙarshe cikin marubutan, Boncompagni kuwa a 2017 ya rasu. Content ID, wato tsarin YouTube mai gano kayan da ke da haƙƙin mallaka, yana gane ko ɗan guntu ne, sai kuɗin tallan ya koma wajen masu haƙƙi, ko a toshe bidiyon. Tunda take ne, kowane kashi na shirinka zai kamu. Ko wani ka sa ya sake rerawa, haƙƙin marubutan na nan. Nemi izini a rubuce daga kamfanin da ke riƙe da rubutun da kuma kamfanin faifan.

Hajiyar Kiɗa:
Malam, ka sa a fassara maka baitocin tukuna. Zancen kwanciyar masoya ne ƙarara, ba duk mai kallo zai lamunta ba. Gara ka biya makaɗi ya tsara maka naka taken, ku rubuta yarjejeniya cewa mallakarka ne.