Fenti ya fito kamar yashi a kan ƙaramin jirgin roba, ina gyaran yake?

Ɗan Gangare:

Assalamu alaikum, masana. Ina haɗa ƙaramin jirgin Alpha Jet na roba, irin wanda sojojin samanmu ke da shi, ma'aunin 1:72, wato an rage girman jirgin gaske sau 72. Na fesa masa fentin gwangwani ruwan toka da sassafe a tsakar gida, da ya bushe sai jikin ya yi kaushi kamar an barbaɗa yashi, ga ƙura ta maƙale a fukafukai. Gilashin matuƙi kuma da na liƙa da sufa-gulu ya yi fari ta ciki kamar hazo. Kankare fentin zan yi ko akwai dabara? Gilashin ya mutu ke nan?

Baban Bukuru:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Hunturu ne ya yi maka wannan aiki, da nisan hannu. Iskar yanzu a bushe take ƙamas, ɗigon fenti yakan bushe tun yana hanya, sai ya sauka a jikin roba a matsayin gari. Sanyin safiyar Jos kuma yana rage ƙarfin iskar da ke cikin gwangwani, sai ya riƙa tofi maimakon feshi.

Ba sai ka kankare ba. Ka bar shi kwana biyu ya yi tauri, sannan ka nemi sanfefar ruwa mai lamba 1000 da 1500 wajen masu sayar da kayan fentin mota. Ka yanki ɗan guntu kamar faɗin farce biyu, ka jiƙa, ka riƙa shafawa ba tare da dannawa ba har yatsa ya daina jin kaushi. Idan ka danna, siraran layukan da aka zana a jikin jirgin za su shafe, kuma su ne kyansa. Ka wanke da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka bar shi ya bushe da kansa. Kada ka goge da busasshen ƙyalle, gugar tana sa roba ta riƙa janyo ƙura kamar mayen ƙarfe.

Ranar feshi ka bari rana ta ɗaga, tsakanin hantsi da azahar. Ka tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi minti 10, ɗumin da hannu zai iya zama a ciki. Ban da tafasasshen ruwa, ban da kusa da wuta, gwangwani fashewa yake yi. Ka girgiza shi minti 2 cif, kana duba agogo. Nisa santimita 15 zuwa 20. Ka fara danna kan gwangwanin a gefe, ka wuce ta kan jirgin, ka saki bayan ka wuce, domin a farkon dannawa da ƙarshenta ake samun manyan ɗigo. Shafi uku marasa kauri, minti 15 a tsakani. Na farko zai yi kamar bai kama ba, kana hango roba ta ƙasa. Haka ake so, kada ka ƙara.

Maganar ƙura, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, kana gamawa ka kife jirgin da tsabtataccen bokitin roba, ka tokare gefe ɗaya da tsinken ashana don warin ya fita. A waje za ka yi, takunkumin ƙyalle ba ya tare wannan tiririn.

Yayar Rayfield:

Gilashin bai mutu ba, ɗan'uwa. Sufa-gulu yana fitar da tiriri lokacin da yake bushewa, tiririn ya kwanta a inda maiƙon yatsa ya taɓa ya zama fari. Shi ya sa wani lokaci har zanen yatsan mutum ake gani a ciki. Ka sa bakin sabuwar reza a mahaɗa ka ɓamɓare shi a hankali, wannan roba mai haske tsagewa take yi, ba ta lanƙwasa. Ka goge wurin da sanfefa 1500, sannan 2000, duk da ruwa. Zai ƙara dushewa, kada hankalinka ya tashi. Ka ɗora farin man goge baki a audugar kunne ka yi ta murzawa, ka ɗauraye, ka maimaita sau uku ko huɗu, hasken zai dawo.

Wajen mayar da shi, farin gam na kafintoci irin Top Bond ya isa. Da tsinken sakace za ka ɗiga a gefe-gefe, abin da ya ɓullo ka share da jiƙaƙƙiyar auduga. Idan ya bushe ba a ganinsa. Sauran jikin jirgin kuwa gam mai narkar da roba yake so, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, kuma sai an kankare fenti daga mahaɗa kafin ya kama.

Malamin Farin Gada:

Baba ya yi bayani daidai, amma akwai abin da nake so a duba: wane gwangwani ne? Yawancin na kasuwa an yi su ne don ƙarfe, kuma tinan da ke cikinsu, wato ruwan da ke tsinka fenti, yana cin irin wannan roba. Idan kaushin da kake gani yamutsewa ce kamar fatar tsohon lemo, to robar ce ta ƙone, sai an goge sosai an fara shimfiɗa fentin ƙasa. Kullum ka fara gwaji a kan sandunan robar da kayan suka zo a maƙale, roba ɗaya ce da jirgin.

Ni a ganina ma gwangwani ya yi wa wannan jirgi yawa. Faɗin fukafukan Alpha Jet bai wuce mita 9 da 'yan kai ba, a 1:72 bai kai santimita 13 ba. Buroshi mai faɗi da laushi da fenti mai haɗin ruwa irin Vallejo sun wadatar: ɗigo biyu na fenti, ɗigo ɗaya na ruwa, shafa ta fuska ɗaya, kada a koma kan inda ya fara bushewa. Ban da sifirit a cikin Vallejo, dunƙulewa yake yi. Fentin ruwa yana hawa kan na gwangwani lafiya, amma na gwangwani a kan na ruwa ko na mai yakan tayar da shi.

Kuma kada ka manna tambarin jirgin, wanda ke zuwa a kan takarda tare da kayan, a kan jiki mai kaushi. Iska tana ɓuya a ƙarƙashi, gefen tambarin ya yi ƙyalli kamar azurfa. Sai jiki ya yi santsi, an shafa fanis mai sheƙi, sannan a tsoma tambarin a ruwan ɗumi daƙiƙa 15 a zame shi.

Ɗan Gangare:

Allah ya saka da alheri. Na duba, gari ne ba yamutsewa ba. Sai dai na gwada sa tayoyi, jirgin ya zauna a kan wutsiya, hanci sama. Na riga na rufe jikin.

Yayar Rayfield:

Tunda za ka cire gilashi, ƙofa ta samu. Ka karɓi ƙananan ƙwallayen boris na keke wajen mai gyara, ka wanke giris ɗin da sabulu su bushe. Ka ɗora jirgin a kan fensir daidai inda tayoyin baya suke, ka riƙa zura ƙwallayen ta gaban kujerar matuƙi ɗaya bayan ɗaya har hanci ya rinjaya, sannan ka ƙara biyu. Farin gam za ka ɗiga a kansu, ban da mai narkar da roba, in ya taru a wuri ɗaya hancin zai lotsa. Ka jingine jirgin hanci ƙasa a cikin kofi ya kwana kafin ka rufe.